Dodon Tokyo Ba Ya Fasa Gida, Rangwame Yake Yi

Dodon da muka sani a tatsuniya da guminsa yake ci. Sai ya ɓuya a kurmi, ya jira dare, ya yi ta tsere da mutane, wani lokacin ma Gizo ya yi masa wayo ya kwana da yunwa. Dodon Tokyo kuwa ya waye. Shago yake kamawa a bakin titi, ya rataya allon rangwame, ya koma gefe ya harɗe, jama'a su yi layi su kawo masa kansu.

Da haka aka buɗe Sailor Moon, katun ɗin 'yan mata masu tsafi da kamfanin Toei ya fara nunawa a tashar TV Asahi a watan Maris na 1992, aka yi ta jan sa har kashi 200 kafin a rufe a 1997. Naoko Takeuchi ce ta fara zana labarin a mujallar 'yan mata ta Nakayoshi. Ilimin haɗa magunguna ta karanta, kuma da ganin aikin ka san ta iya awon abin da za a ɗura wa mutum ya dawo neman ƙari.

Jarumar da aka ɗora wa ceton duniya ita ce Usagi Tsukino, 'yar shekara 14 a unguwar Azabu-Juban. Ranar da muka fara ganinta ta makara zuwa makaranta, ta ci maki 30 a jarrabawa, ta dunƙule takardar ta yi jifa da ita ta faɗa kan wani saurayi, shi kuma ya warware ya karanta ya yi mata dariya. Da ta isa gida uwarta ta ga sakamakon, ta kore ta waje ta rufe ƙofa. Wannan ce baƙar kyanwa Luna ta zaɓa a duk faɗin Japan ta zama Sailor Moon. A faɗanta na farko, da dodo ya taso mata, zama ta yi daɓas a ƙasa ta fashe da kuka. Ikon Allah, kukan ne ya yi aiki, domin kayan adon da ke kan gashinta sun ƙara masa amo har abokan gaba suka zube. Iyayen da ke cewa kuka ba ya magani sai su sake lissafi.

To amma ni ba yarinyar ce ta fi ba ni sha'awa ba, maƙiyanta ne. Sarauniya Beryl tana neman ƙarfin jikin 'yan Adam, ta tura yaronta Jadeite ya tattaro. Bawan nan bai zo da runduna ba, sai da ya zauna ya karanci mutanen gari tukuna. A kashi na farko ya sa dodonsa ta ɗauki siffar mai kantin gwala-gwalai, aka karya farashi warwas. Mata suka yi dafifi, ana ture juna, kowacce ta saka zoben da ke tsotse mata kuzari. Babu wadda ta tsaya ta tambayi dalilin da zai sa a sayar da lu'ulu'u a kuɗin abincin rana. An daɗe ana faɗa cewa araha ba ta ado, amma ba a gaban allon rangwame ake tuna karin magana ba.

Da wannan ta ƙare sai ya buɗe gidan duba. Daga nan ya koma rediyo da shirin tsakar dare, inda ake karanta wasiƙun soyayya, duk wadda aka karanta tata a aiko mata da furen maƙalawa a riga, ta maƙala ta ɓingire da barci. Sai gidan motsa jiki na masu son rama cikin kwana kaɗan, wanda har malamar su Usagi ta faɗa ciki tana murna tana ƙarewa. Sai makarantar lesin ta yamma, irin waɗanda iyaye a Japan ke cusa yara bayan an tashi daga makarantar gaskiya, aka raba wa ɗalibai faifan kwamfuta mai shanye ƙwaƙwalwa. Wanda ya fi kashe ni da dariya shi ne na agogo. An sayar da agoguna da araha, duk gidan da aka kai sai mutanen ciki su kama sauri ba dalili, direbobi na ta gudu, kowa na huci yana duba lokaci. A Tokyo fa! Ban san yadda aka yi 'yan matan suka gane akwai tsafi a ciki ba, don ranar ba ta bambanta da kowace Litinin ba.

Masu shirin sun san garin da suke zana. A lokacin Japan ta fito ke nan daga shekarun bushasha na ƙarshen 1980, kasuwar hannun jari ta fara rugujewa tun 1990, amma hannun da ya saba shiga aljihu bai daina ba. Jadeite bai ƙirƙiro wa kowa sabon kwaɗayi ba, wanda ya tarar ya buɗe wa ƙofa.

Sai kuma maganar shiri. Idan faɗa ya tashi, Usagi takan ɗaga abin tsafinta, kiɗa ya tashi, ta yi ta juyi cikin haske: ga safar hannu, ga dogon takalmi, ga 'yan kunne, ga kambu a goshi. Tana gamawa kuma sai ta gabatar da kanta da jawabi. Duk tsawon wannan lokaci dodo na tsaye yana jira, bai ko yi tari ba. Duk magidancin da ya taɓa zama a mota yana danna hon ranar biki zai yarda dodon nan ya fi shi tarbiyya. Dalilin jinkirin ba sirri ba ne: hoton juyin sau ɗaya ake zana shi, a riƙa maimaitawa kowane mako, kamfani ya rage kuɗin masu zane. Abin mamakin shi ne bayan duk wannan kwalliya fuskarta ba ta canja ba, ga gashin nan nata mai ƙulli biyu da babu irinsa a duk unguwar, amma ƙawarta Naru da aka ceta ba sau ɗaya ba ta kasa gane ta. Ƙaninta ma masoyin Sailor Moon ne, yana raina yayarsa a gida.

Namijin labarin fa? Tuxedo Mask ke nan, wato saurayin nan da takarda ta faɗa wa. Yakan jira sai an jigata, sannan ya bayyana a can saman taga cikin baƙar kwat da doguwar hula, ya jefo fure guda, ya yi 'yar nasiha kan zuciyar budurwa, ya ce wa Usagi ta ƙarasa aikin, ya ja mayafinsa ya ɓace. Kwat ɗinsa ba ta ko yin ƙura. Ita kuwa da ta sha jifa da gudu sai ta tsaya tana kallon inda ya bi, idanu sun zama zuciya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan an gama koya wa yara illar rububin saye, sai a tafi hutun talla. Kamfanin Bandai na nan da sandar tsafi ta roba mai walƙiya da ƙara, sak irin ta hannun Usagi. Idan kowane gida ya samu, sai sandar ta ɓace ko ta gaza a cikin labari, a ba jaruma sabuwa wadda ta fi ƙarfi, uba ya sake lalube. Dabarar ta yi kyau har Toei ta mayar da ita sana'a ta dindindin: tun 2004 ake nuna Pretty Cure a safiyar kowace Lahadi, kusan duk shekara da sababbin 'yan mata da sababbin kayan wasa, na bara ya koma kwali.

'Yan matan da suka kalli Usagi a 1992 yanzu sun haura arba'in, suna karɓar albashi. Bandai ba ta manta da su ba, ta fito musu da sandar manya mai tsada da kayan shafa a mazubi irin na tsafin jarumar, ana yin oda tun kafin kaya su iso. Wannan karon ko rangwamen ba a yi musu ba.