Hoton da Ke Mayar da Jan Baki Garin Ɗorawa

Na san halinku, mutanen Dutse Alhaji, tun ban gama magana ba kun fara taɓe baki. Ran nan a shagon wani mai hoto da ke bakin titin Bwari na nuna hoton wani ɗan bindiga a Kwango, tsaye cikin ciyawa jawur kamar an yi ɓarin zoɓo. Mai shagon ya ce, "Haba Malam, wannan ai Photoshop ne, ko yarona zai haɗa maka." Yaron nan kuwa ko fasfo ya ɗauka sai ya yanke wa mutum kunne.

To, ku gyara zama. Ba Photoshop ba ne, fim ɗin kyamara ne na kamfanin Kodak, sunansa Aerochrome, asalinsa kayan yaƙi ne na shekarun 1940. Ganye mai rai yana maido da wani haske da ke gaba da ja, ana ce masa infirared, ido ba ya ganinsa. Koren fenti bai iya wannan ba. Idan jirgi ya ɗauki hoto da wannan fim daga sama, dajin gaskiya ya fito ja, tankar da aka shafa wa kore kuma asirinta ya tonu. Kodak ya daina yin sa a 2009, sai Richard Mosse, ɗan ƙasar Ayilan, ya kwashi ragowa ya nufi gabashin Kwango, har aka nuna aikinsa a birnin Benis a 2013.

Yanzu ku kawo amarya gaban wannan fim, a nan wasan yake. Jan bakin da aka ɓata awa guda ana zanawa zai koma rawaya, sai ka rantse ɗorawa ta sha ba ta goge ba. Baƙar abayar ƙawarta, idan rinin irin na zamani ne, tana iya fitowa ja. Mangwaron bayan gida ya zama ruwan hoda. Fatar kuwa ta yi haske ta yi sumul, ƙuraje su dushe, don launin fatarmu bai cika shanye wannan haske ba. Masu man bilicin, kar ku yi saurin guɗa: farar fata takan fito kamar kakin zuma, jijiyoyi a shimfiɗe kamar taswirar Kubwa.

Na ji mai cewa to a kawo mu gwada. Sannu Alhaji! Ragowar fim ɗin tsada gare shi, kuma a firiza ake ajiye shi, ku kuwa kun fi ni sanin zaman da kuke yi da wutar lantarki.

Amma ga gwaji na kyauta. Ɗauko rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa ga kyamarar gaba ta wayarka, ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa, idonka kuwa bai ga komai ba: infirared ɗin ke nan. Idan ka gani, kana da bashin shayi da burodi, ina nan bakin kasuwar Dutse bayan magariba.