Ranar da Leɓen Kawu Ya Tafi Hutu

Ƙarfe goma na safe aka gama yi wa Kawu cikon haƙori a wani asibiti a Kano, ni ne ɗan rakiya. Na miƙa hannu don ya ba ni makullin mota, sai ya harare ni. Wai shi da ya sha tuƙa Kano zuwa Legas, allura ɗaya ba za ta ɗaga shi daga sitiyari ba.

Likita ma bai hana shi ba. Allurar lidoken ce, wadda aka fara harhaɗawa a Suwidin a 1943. Ba ta sa barci, ba ta taɓa hankali. Sai dai haƙorin na ƙasa ne. Can ƙuryar baki ake soka ta, kusa da jijiyar da ke kai ji ga rabin muƙamuƙi, sai rabin leɓe da haɓa da gefen harshe su mutu tare, awa uku ko fiye. Mutum ya riƙa jin leɓensa ya kumbura suntum, alhali yana nan yadda Allah ya halicce shi.

Wannan kumburin ƙarya shi ya ja mana. Kawu ya karkato madubin tsakiya yana duba baki, miyau na dalala a kan farar shadda bai sani ba, ni kuwa kunya ta hana ni faɗa. Mota ta zame, saura ƙiris mu shafi wani mai adaidaita sahu. Jami'in hanya ya ɗaga hannu.

"Alhaji, lafiya kuwa?"

Kawu ya fara bayani. To "ba" da "ma" da "fa" sai da leɓe biyu, shi kuwa ɗaya da rabi gare shi. Jami'in ya leƙo, ya dubi shaddar, ya shinshina.

"Me ka sha?"

Kalma ɗaya ce ta fita tar, don ba ruwanta da leɓe: "Allura."

"Allura kuma? Da furfurarka, Alhaji?"

Da ƙyar na zaro katin asibiti. Ya karanta, ya juya baya kafaɗunsa na rawa, sannan ya ce, "Baba, don Allah a ba yaro makulli."

Ni na kawo mu gida. Bayan azahar ji ya dawo, Kawu ya tarar ya taune cikin kumatunsa a hanya. Kwana biyu kunu yake sha.