Ku Bar Mai Allura Ya Yi Aikinsa

To, 'yan zamani, mun ji ku. Wai don me ƙato zai zauna a zaure yana fama da allura da zare, alhali keken ɗinki ya cika gari, har da mai kwamfuta? Wai wahalar banza ce. Madalla! Amma ranar Hawan Daushe, su wa ke ture jama'a a Ƙofar Kudu suna ɗaga waya don su ɗauki 'yan lifida? Ba ku ba ne?

Lifidin nan da kuke yi wa hoto ya girmi kakan kakanku. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Auduga ake cusawa tsakanin ƙyalle da ƙyalle, a bi ta da ɗinki layi-layi, kusa da kusa, don kada ta zame ta taru gefe guda idan doki ya yi sukuwa. A da kibiya yake tarewa. Ku kai wa telan unguwarku wannan kaurin, ku tsaya ku ƙirga allurar da zai karya kafin ya kore ku.

Sai babbar riga. Mai zane ne zai fara fitar da aska takwas a jikin saƙi, sannan maɗinki ya bi zanen da zaren tsamiya, huda bayan huda, wata da watanni. Kun ce inji ya fi sauri. Wa ya musa? Ai farar hula ma ta fi rawani saurin sawa, amma ba a naɗa sarauta da ita.

Abin dariyar ma, ranar ɗaurin aurenku ku ne ke juya hula ciki waje a kasuwa, kuna ƙare wa zaren kallo, kuna cewa, "Malam, tsakani da Allah, aikin hannu ne?" Ashe dai kun san bambancin!

A 2024 UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kuka yi ta yaɗa labarin a Facebook. To, jalalar doki da lifidi ba sa ɗinka kansu. In kun je wurin maɗinki, ku daina taya masa aikin wata uku da kuɗin kati. Ku biya shi hakkinsa, in da hali ku tura masa yaro ya koya.