Gwaggo Ta Tashi, Masu Dariya Ku Matso Ku Tura

Tun ranar da aka jawo ta da igiya daga wani kango a Gagarawa zuwa Gumel ban ƙara shan shayi da daɗin rai ba. Duk teburin da na zauna, sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ya mai jiki?" Mai jikin dai motata ce, Fijo 504 a-kori-kura, wadda yaran unguwa suka raɗa wa suna Gwaggo tun ba ta yi tarin farko ba. Ku ma masu karatu na san halinku. Ga wani can ya riga ya karkata hula, yana cewa yau kuma gawa marubucin namu ya tono. To gyara zama, yallaɓai. Gawar nan ta je Maigatari ta dawo ranar Alhamis da buhunan zoɓo a bayanta, taka mai sheƙin kuwa tana nan lulluɓe da tamfol, tana jiran wani ɗan ƙarfe da aka ce sai an aiko daga Legas.

Ba zan ɓoye muku yadda na same ta ba. Kaji sun mayar da gidan gaba akurki, tayoyi huɗu sun nutse a rairayi, tumfafiya ta tsiro ta inda sandar giya take. Mai ita ya rasu, magada kuma sun gama magana da 'yan gwangwan za a ɗora ta a sikeli. Abin da na biya bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba. Da aka ajiye ta a ƙofar gida, uwargida ta leƙo ta zaure, ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Allah ya ba da lafiya." Har yau ba ta faɗa mini wa take nufi ba.

Kafin ku raina tsohuwa, ku tambayi gidansu. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai, a 1975 ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka, inda ƙura da taɓo suke kunyata manyan motoci. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci, aka yi kusan shekara talatin 504 tana fitowa daga can. Gwamna ita yake hawa, babban sakatare ita, alƙali ita, direban tasha ita. A zamanin akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Yawancinsu sun zama labari, amma ƙarafan da suka zuba a ƙasar nan ba su tafi ko'ina ba. Shi ya sa mai 504 ba ya maraici. Duk garin da ka shiga akwai 'yar uwarta kwance a bayan wani gareji, tana jiran a ciri abin da za a cira.

Bakanikena a gindin wata maina yake aiki, ba shi da allo, ba shi da rasit. Ya zagaya Gwaggo sau biyu yana ƙwanƙwasa ta da sifana kamar mai sayen kankana, sannan ya ce, "Malam, ƙashinta lafiya lau, nama ne ya zube." Sasi yake nufi. In sasi bai ruɓe ba, bai karkace ba, sauran duk magana ce ta haƙuri. A nan ƙasarmu ta yi mana rana: ba mu da gishirin teku, ba mu da damshi, ƙarfe ya fi daɗewa a rairayin Gagarawa fiye da a gaɓar Legas.

Daga nan aka shiga auratayya. Injin ya riga ya kafe, sai muka tafi Ƙofar Ruwa a Kano, muka ɗauko na wata salun da ta yi hatsari ta baya, aka buɗe shi, aka sa sabon ringi da gaskit. Lagireto ta wata Kanta ce, ta fi ta asali faɗi, mai walda ya yi mata ƙafafu ta zauna, ga shi yanzu ko a tsakiyar Afrilu Gwaggo ba ta tafasa. Safiyon baya an ƙara masa ganye biyu daga wata Landiroba da ta yi ritaya. Kujera ta Hayis ce. Daɓen baya gangar mai ce aka farka, aka daddake ta miƙe. Robobin ƙasa, da wuƙa aka yanko su daga tsohuwar tayar tirela. Ƙofar fasinja sakatar shago ce ke riƙe da ita. Hon na gingimari ne, in na danna shi a kwanar gari har raƙuma sai sun ba da hanya, sannan su waiwayo su ga abin da ya tsorata su, su ji kunya. Fitila ɗaya tata ce, ɗayar ta Golf, don haka da dare kamar tana hararar mutum. Wannan na yarda, ba ta da kyan gani. Araha ba ta ado, ni ma ba gasar sarauniyar kyau zan kai ta ba.

Na ji ka, ɗan boko na Dutse. Ka ce wannan ba injiniyanci ba ne, kwaɗo ne. Madalla. Amma kai ne fa in ka ga hoton tsoffin motocin Amurka na shekarun 1950 suna yawo a Habana ta ƙasar Kuba sai ka ce kai, mutanen nan akwai basira. Ka buɗe bonet ɗinsu ka gani. Da yawa injin dizal na wata mota ne a ciki, na Japan ko na Koriya ko na Rasha, domin takunkumin Amurka ya hana su kayan gyara tun farkon shekarun 1960. Turawa na biyan dala su hau, su ɗauki hoto. Abin da ake yi a Suame Magazine ta Kumasi ke nan, da Fanteka ta Kaduna, da kasuwar Katako ta Yamai. In Bakube ya yi, basira ce. In mutumin Gumel ya yi a gindin maina, sai ta zama kwaɗo. Ko sai mun sa wa bakanikena farar riga da tabarau za ka gaishe shi?

Kai kuma Alhaji, da kake cewa me zai hana in tara kuɗi in sayi tokumbo in huta, Allah ya ƙara arziki, amma bari in tuna maka wani abu a hankali, kada yara su ji. Taka ma bazawara ce. Ta yi aure biyu ko uku a Jamus, aka sake ta, ta hau jirgin ruwa ta sauka a Kwatano, aka yi mata kwalliya, ka biya sadakin budurwa. Bambancinmu kawai ni na san mazan Gwaggo na baya, kai ba ka san na taka ba.

Sannan ina hanyar ma? A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, har da tamu ta Maigatari. Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a Yulin 2023 aka sake garƙamewa, sai Maris na 2024. A tsakanin nan naira ta zube, kuɗin fito ya bi dala ya hau sama. Motar da malamin makaranta yake iya saye da adashi a da, yanzu sai dai ya gan ta a waya ya yi mata addu'a. Kana tsammanin don sha'awa mutane suka koma tono kangaye?

Ko kyauta ka ba ni irin taka, ina zan kai ta? Cikinta na jan ƙasa kamar agwagwa. Ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan bayan Jeke ko Turbus, rairayin farko za ta zauna ta ce a nan za ta kwana. In wata fitila ta kama a gaban sitiyari, sai an nemo mai kwamfuta daga Kano ya tambayi ƙwaƙwalwarta abin da ke damunta. Gwaggo ba ta da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba ta da damuwa. Mai ya zo, wuta ta zo, iska ta zo, ta tashi. In ta ƙi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yi yaji, kuma yaron gareji ɗan shekara goma sha biyu zai gano shi da sukudireba da bakinsa. In an zo rairayi mai zurfi, a rage wa tayoyi iska, a sa giya ta biyu, kada a ɗaga ƙafa daga totur, ta wuce tana waƙa.

Yanzu bari in ba ku abin da kuke jira, don kada ku ce na cika yabon kai. Gwaggo mashayiya ce. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, duk sanda na tsaya a gidan mai sai in ji kamar ina biyan diyya. Kafireto ba ta san tattali ba. A nan kun ci ni, ku yi tafi.

Akwai kuma inda dariyarku take da gaskiya, har ma ta yi kaɗan. Aro yana da iyaka. Ranar da man birki ya ƙare na ce wa bakanikena ai na ga direbobi na kaɗa ruwan omo su zuba, sai ya ajiye sifana ya dube ni, ya ce, "Malam, kujera in ta karye gindinka ne zai yi ciwo. Birki in ya ƙi, gidanku za a yi zaman makoki." A wurinsa abu uku ba a yi musu dabara: birki, da ƙarafan sitiyari, da taya. Waɗannan sai na kirki, ko da za a ci bashi. Su kaɗai sun cinye mini fiye da kuɗin motar, na kuma biya ina gunaguni. Saboda haka in kun ga a-kori-kura ranar kasuwa da taya sumul kamar kan jariri, an jibga mata buhun riɗi har sama, mutum goma sha sun ɗare a kai, ga jarkar fetur a ɗaure ana ba injin ta tiyo, wannan ba ɗan ƙungiyarmu ba ne. Ku yi masa dariya, jami'an kiyaye haɗurra kuma su yi masa abin da ya fi dariya.

Ta taɓa kunyata ni, ba zan ce a'a ba. Muna dawowa daga Danzomo da yamma, kafin Sule Tankarkar, sai fanbel ya tsinke. Na ɗaura igiya, ta yi 'yar tafiya, ita ma ta tsinke. Ina tsaye ina kallon yamma sai ga wani Bafulatani da amalanke, shanu biyu farare suna ja. Ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya ji harshena, ya gane jinin Mangawa ne, ai kuwa ya samu nama. "Kai bawana, dokin naka ya gaji ne? Kawo in ɗaure shi a bayan na iyayen gidanka." Na ce ai dama aikin bawa ne ya ja ubangidansa, ɗaura mu tafi. Da na sunkuya zan ɗaura igiya a ƙarƙashin amalanken, me zan gani? Ƙarfen ƙafafun baya na Fijo ne, da wilinsa da komai. Ashe 'yar uwar Gwaggo ce ta zo ɗaukarta.

Tun ranar nake kallon amalanke da ido na daban. Ku tsaya a bakin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ku duba ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya: ƙafafun matattun motoci ne suke kawo gero da wake da itace. A ƙasar Gumel mota ba ta mutuwa, rabon gado ake yi. Maƙera su ɗauki safiyo, domin ƙarfensa na riƙe kaifi, su fitar da gatari da adda. Tiyub ya zama guga, ko a tsaga shi ya zama robar ɗaure kaya. Taya ta zama takalmin makiyayi wanda ƙayar aduwa ba ta hudawa. Kujera ta koma teburin mai shayi, inda kuke zama kuna tambayata ya mai jiki. Abin da ya rage ne kawai ake kai wa sikeli. Kai da kake dariya, tuwon da ka ci jiya, a kan gadon wata Gwaggon geronsa ya shigo gari.

Wanda ya fi kowa yi mini ba'a ƙanin uwargida ne. Shi ya ce in ta kai Gujungu da ƙafarta zai yanka mini zakara. Ta kai, ta dawo, zakara shiru. Shekaranjiya sai ga shi da sassafe, ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa, "Yaya, an tashi lafiya? Ya Gwaggo?" Da na ji ya bar "mai jiki" na san da magana. Ashe 'yarsa za a kai Medu, ga gado, ga katifa, ga kwanuka, masu Kanta kuma sun yanka masa kuɗin da ya sa ya tuna yana da suruki. Na ce babu komai, Gwaggo ba ta riƙo. Ya zuba mai, ya kawo zakaran nan da ransa, sannan ya zo da samari uku majiya ƙarfi.

Ku ma in kuna so ku gani da idonku, ranar Alhamis bayan sallar asuba muke tashi. Gidan gaba na cin mutum biyu, amma ta waje ake buɗe ƙofar, don haka kada mu yi faɗa a hanya. A gangaren bayan gidanmu take kwana, hancinta na kallon gabas. Ku zo da takalmin da ba ya santsi, domin batir ɗin na ara wa mai cajin waya, sai Juma'a zai dawo da shi.