Yadda Na Noma Wa Maƙwabcina Kabewa

Tsadar tumatir ce ta jawo. Kowace shekara, da zarar kayan lambun rani sun fara janyewa zafi ya kankama, kashin da kake saye a Kasuwar Gamboru sai ya rame, mai tumatir ɗin ma ba ya son ka yi ciniki. Ranar da uwargida ta kawo mini lissafin cefane, sai na miƙe a tsakar gida na yi shela cewa daga bana gidan nan ya daina sayen kayan miya. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Da muryar nan ta faɗa, wadda take amsa wa autanmu idan ya ce shi ne zai gaji gwamna.

Ni ba mutum ne mai shiga abu da ka ba, sai da na yi bincike. A YouTube na samu wani Bature ɗan Ingila yana koyar da shuka a tukwane. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: dogon tsiro a tsakiya, gajeru su kewaye shi, sai mai yaɗo ya zubo ta bakin tukunya. Yana ta nanata cewa lokacin zafi ne a garinsu, alhali rigar sanyi ce a jikinsa. Na ɗauka ado ne irin nasu.

Shi furanni ya shuka, ni kuwa a gidanmu ba a miya da fure. Na je Monday Market na sayo baƙin duro na roba, aka raba mini shi biyu. Zogale na dasa a tsakiya, shi ne dogon. Tumatir da latas suka kewaye shi. Kabewa ta karɓi aikin yaɗo. Na ga sauran wuri a gefe, na cusa na'a-na'a saboda shayi, sannan na ƙara alobera guda ɗaya don uwargida ta san ana tunawa da ita.

Baturen ya ce a huda gindin tukunya. Nan muka rabu. Shi famfo yake buɗewa, ni kuwa mai moya nake jira ya turo kurar jarkoki in biya kuɗi. Wane mai hankali ne zai sayi ruwa sannan ya buɗe masa hanyar gudu? Taki kuma na samo ɗanyen kashin kaji, sabo fil, don ban ga dalilin ba shukata tsohon abu ba. Na ajiye duron a kan siminti, jikin bangon da rana ke duka daga azahar har magariba, inda duk wanda ya shigo zai fara cin karo da shi. Watan Afrilu ne, lokacin da ma'aunin zafi a Maiduguri ke haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba.

Wari ne ya fara tsirowa. Ruwa ya kwanta a gindin duro, kashin kaji ya jiƙa, rana ta dafa. Maƙwabcina ya yi sallama da kansa, bayan doguwar gaisuwa ya ce yana da lambar masu kwashe masai idan ina bukata. Da dare na ji uwargida tana raɗa da babban ɗanmu, washegari na tarar an huda duron da ƙusa mai zafi, wani baƙin ruwa ya bi rariya. Har yau ba a samu wanda ya aikata ba.

Alobera ce ta fara tafiya. Ita tsiron yashi ce, ta fi son a manta da ita, ni kuma safe da yamma ina antaya ruwa saboda kabewa. Na taɓa ganyenta ya faɗo a hannuna, luɓus, ruwan ƙasa, yana yauƙi. Tumatir ya yi fure kamar abin kirki, rawaya shar, har na kira yara suka gani. Kwana kaɗan furen ya bushe daga wuya ya zube, ko ɗa ɗaya bai ƙulla ba.

Latas ne ya faranta mini rai. Maimakon ya baje ƙasa irin na kasuwa, sai ya yi tsiri ya miƙe sama har ya kusa ƙuguna. Na ce to, ga wanda ya san darajar taki. Ranar da surukata ta zo daga Gwange na sa aka yanka mata shi da ƙuli-ƙuli. Hajiya ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana taunawa, sannan ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ki gaya wa maigidan an gode ƙwarai. Na shawara ne ko na basir?"

Akwai wani dattijo da ke gadi a layinmu, mutumin Baga ne, rikicin Boko Haram ya raba shi da gonarsa a bakin Tafkin Chadi. A bayan rumfarsa, ƙarƙashin dogonyaro, ya jera tsofaffin buhunan shinkafa cike da ƙasa, kowanne kore shar. Na gayyato shi ya ba ni shawara, ko da yake yabo nake nema. Ya zagaya duron, ya dafa jikinsa ya janye hannu da sauri, ya tona ƙasar da yatsa ya zaro wata farar jijiya doguwa. Ta na'a-na'a ce, ta bi ta ƙarƙashi ta shaƙe kowa.

"Malam, su nawa ka zuba a nan?"

"Shida ne, Baba."

"Kishiyoyi shida a ɗaki ɗaya, randa ɗaya? Ko shari'a ai a huɗu ta tsaya."

Ya ce tumatir da latas kayan hunturu ne, shi ya sa masu lambu a Alau da gefen Ngadda suke dasa su bayan ɗaukewar damina. Idan zafi ya wuce kima tumatir zubar da fure yake, latas kuma ya gudu neman iri ya yi ɗaci. A bazara kuɓewa ake sawa, da yakuwa, da rama, da alayyafo, da lalo, waɗanda rana ba ta ba su tsoro. In za a haɗa, a haɗa masu ƙishi iri ɗaya: kuɓewa a tsakiyar buhu, alayyafo a gindinta, kafin ta yi inuwa an yanke shi an ci. Na'a-na'a ita kaɗai a tukunyarta. Zogale saiwarsa zurfi take nema, a ba shi ƙasa ko buhu mai tsawo. Taki sai wanda ya ruɓe ya huce. Baƙar roba a kan siminti kuwa, ya ce, girki ne. Farin buhu ko tukunyar ƙasa, ranar safe, inuwar yamma, ban ruwa da asuba.

Na ce masa a Ingila ba haka ake yi ba. Ya ce Allah ya kai ni.

Zogalen ya rage mini abin nunawa, siriri dai amma da ransa. Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah ragon layya ya tsinke igiya cikin dare, ya bar mini sanda. Wannan ban yi baƙin ciki sosai ba, don zogalen ya dawo mini ta hanyar suya.

Kabewa kuwa ta rayu. Da ruwa ya sauka ta fice daga duron, ta kama bango, ta haura, ta sauka gidan maƙwabcina. A gidana saiwa take, ni nake ba ta ruwa idan sama ta yi jinkiri, amma duk 'ya'yan a can ta zube su. Wata Juma'a sai ga yarinyarsu da faranti a rufe, wai in ji babanta ga kabewa a ɗanɗana, bana Allah ya ba su albarkarta ba su ma shuka ba. Uwargida ta karɓa ta ce a yi masa godiya, ta shige kicin ta rufe ƙofa, na ji tukwane suna karkarwa.

Yanzu buhu uku na kuɓewa da alayyafo suna gindin dogonyaron ƙofar gida, uwargida da Baba ne ke kula da su, ni an ba ni ɓangaren biyan mai moya. Rabin duro biyu kuma suna nan, ɗaya a huje ɗaya lafiyayye. Duk mai so ya zo Bulumkutu ya ɗauka kyauta, amma kuɗin Keke Napep nasa ne.