Masu Farfasa Amarya a Kwamfuta

Duk wanda ya kalli bidiyon biki na wannan zamani ya ga abin da ake yi wa amarya. Tana zaune wurin kamu, kai a sunkuye, sai ta farfashe ta koma gilasai, gilasan su tashi sama su haɗu su zama ango. Kafin ka gama salati an naɗe angon an wurga shi gefe, uwar biki ta ɓullo daga cikin tauraro. Wannan aikin fulogin ne, ƙunshin kwalliya da mahaɗan hoto da ake dasa wa manhajar tace bidiyo irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve, ko wanda ya zo a shirye cikin CapCut ta waya. Mutane kan zargi kayan, amma kayan ba ruwansu. Kowane mahaɗi magana ce ake faɗa wa mai kallo: in hoto ya narke cikin wani, an ce lokaci ya wuce, in allo ya yi baƙi, an ce babi ya rufe. Abin da ya faru shi ne editoci da yawa sun ƙwace wannan bakin daga labarin suna ba da labarin kansu, shi ya sa da ganin bidiyo za ka karanci halin wanda ya tace shi.

Mafi yawa a cikinsu shi ne Malam Ba-a-bar-komai. Ya samu ƙunshi mai ɗaruruwan mahaɗai, kuma a ganinsa barin ko guda ɗaya almubazzaranci ne. Yana bin su a jere yadda suka zo a manhaja, ba tare da ya tambayi me ke cikin hoton ba, don haka mahaɗin gobara yakan faɗo daidai kan liman yana addu'a. Aikinsa kamar miyar da aka juye mata duk kayan ƙamshin da ke cikin gida ne: kowane abu mai kyau ne, amma ba ta shawuwa. Kada a ɗauka ciwon na yaran TikTok ne. Tun 1990 da kamfanin NewTek na Amurka ya fito da Video Toaster, akwai mahaɗin da tumaki ke zubowa daga sama su rufe allo, kuma an samu manya masu hankali da suka yi amfani da shi.

Maƙwabcinsa mai rufa asiri ne, kuma ya fi shi wayo. Ya san mai ɗaukar hoto ya yi barci lokacin ɗaurin aure, hoto ya dushe, murya ta shaƙe. Sai ya zuba girgiza da hayaƙi daidai wurin, ya ce salo ne. In ka ga allo ya rikice ba dalili, koma baya kaɗan, akwai abin da aka binne. Ƙaninsa kuwa walƙiya ce sana'arsa: duk bugun ganga sai farin haske ya mari idonka. Wannan ba abin dariya ba ne kaɗai. A 1997 wani shirin Pokémon a Japan mai walƙiyar ja da shuɗi ya kai yara sama da 600 asibiti, domin irin wannan haske na tayar da farfaɗiya ga wasu mutane.

Sai mai tara kaya. Ya cika kwamfuta da fulogin na sata, yana ambaton Sapphire da Red Giant da girmamawa, amma injinsa ba ya iya ɗaukarsu. Yana danna fitar da aiki bayan isha'i, a ɗauke wuta kafin asuba, ya sake daga farko. Ranar da aikin ya fita kuma, ga jan kuros ya ratsa fuskar ango, alamar cewa na gwaji ya sauke.

Wani zai ce ai manyan fina-finai ma suna yi. Gaskiya ne. Star Wars na 1977 cike yake da hoton da ke share wani daga gefe, salon da George Lucas ya ɗauko daga tsofaffin fina-finai har da na Kurosawa ɗan Japan. Sai dai Lucas ya riƙe dangin salo guda, yana amfani da shi in labari zai tsallaka daga wata duniya zuwa wata. Haka nan fim ɗin Kannywood mai boka ko aljani ba zai yiwu ba sai mutum ya ɓace ɓat, dabarar da Georges Méliès ya nuna a Faransa tun 1896. A nan kwalliyar tana yi wa labari aiki. Wannan hujja ce ma ke kayar da wani nau'in da ba a cika zarginsa ba, wato ustazun editoci, mai ganin duk mahaɗi bidi'a ne. Hujjarsa kullum Lawrence of Arabia na 1962, inda jarumi ya hure ashana sai ga gari na wayewa a hamada, yanka kai tsaye. Yana manta cewa narkewa aka tsara da farko, Anne V. Coates mai tacewa ta kalli hoton ta ga yankan ya fi. Ta zaɓa ne bayan ta duba. Shi kuwa ya yanke hukunci tun kafin a kawo masa katin kyamara, kuma da kansa yake taƙama, daidai da wanda yake zagi.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne na mai biyan kuɗi, kuma ba a raina shi. Akwai Alhajin da zai ja kujera ya zauna bayan edita, yana nuna allo da makullin mota, yana cewa yaro ƙara masa wuta, kuɗi na biya. In aiki ya fito sumul sai ya ɗauka an cuce shi, domin bai ga wahalar da aka sha ba. Edita mai iyali ba zai yi gardama da abincinsa ba. Amma a ina Alhaji ya koyi cewa tsada ita ce jujjuyawa? A bidiyon bikin abokinsa, wanda wani edita ya tace ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba. Kuma abin da ya roƙa yana da iyaka: motarsa ta fito sau uku, sunansa ya yi ƙyalli, gwamna in ya zo a daɗe a kansa. Bai ce a mayar da surukarsa shafin littafi a buɗe ta daga kusurwa ba. Wannan edita ne ya ƙara daga aljihunsa, kyauta.