Yadda Ake Zaɓen Linux a Gure Ba Tare da An Sayar da Akuya Ba

Wannan shawara ba ta ƴan koyo ba ce. In har yanzu kana tambayar yadda ake ɗora ISO a kan kile, ko maɓallin da ake dannawa a shiga BIOS, Allah ya raya ka, je ka dawo bayan ka goge hotunan bikin ƙanwarka da hannunka. Da ku nake, ƴan'uwa, masu raba faifai da tsakar dare, waɗanda suka san warin kwamfutar da ta ɗau zafi kuma har yau ba su daddara ba. Makon jiya wani distro, wanda ba zan kama sunansa ba saboda muna gaisawa da masu amfani da shi, ya lashe mini forfen wata kafin la'asar, kuran ya ɗauke ana tsakiyar sauya kernel, da wuta ta dawo sai baƙin allo. Daga wannan ɓacin rai shawarwarin nan suka fito.

Ta ɗaya. Kada ka buɗe DistroWatch. Tun 2001 shafin yake jera sunaye, kuma jerin nan ba masu amfani yake ƙirgawa ba, masu leƙowa yake ƙirgawa, wato ire-irenmu da barci ya ƙaurace wa. Duk wanda ya leƙa da niyyar "in duba kawai", asuba za ta riske shi yana saukar da wani abu da mutum uku suka haɗa a ƙasar da bai san inda take ba.

Ta biyu. Auna kowane distro da mudu ɗaya, wato giga. Ba da falsafa ba, ba da kyawun allo ba. Lokacin da Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a 2004, faifan CD ɗaya yake cikawa, kuma har zuwa 2011 kyauta ake aiko shi ta gidan waya ga duk wanda ya nema. Yau ISO na Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6. A Turai wannan shan shayi ɗaya ne. A Gure kuwa sai ka jira dare ya raba, ka jingina wayar a kan taga ta gabas inda rezo yake ɗan leƙowa, ka hana yara motsi, ka yi ta addu'a kada wani ya kira ka.

Kuma tunda an zo nan, bari in amayar da abin da ke cina. Masu rubuta jagora a intanet suna da wata kalma, "kawai". Sauke wannan kawai. Sabunta kawai. Sake sakawa kawai. Wanda ya rubuta bai taɓa danna lambar duba ragowar forfe hannunsa na rawa ba. Tun 21.10 Firefox na Ubuntu a matsayin snap yake zuwa, shi kuma snap sau huɗu a rana yake leƙawa ya ga ko akwai sabon abu, ya sauke ba sallama, ya kuma ajiye tsohon a gefe don ya taya ka cika faifai. Sai a ƙarshen 2022 aka ba mu izinin cewa ya dakata ba tare da wa'adi ba. Izini! A kan na'urar da ka saya da guminka, da tsarin da aka ce na ƴanci ne. Ka gudu wajen Flatpak, ka nemi ƴar manhajar lissafi, ta iso da gayyar mega ɗaruruwa a bayanta. Ba raha nake ba a nan: kuɗin da ke tafiya a waɗannan sabuntawar kuɗin cefane ne, kuma babu wanda ya tambaye mu kafin ya mai da su dokar gida. Ka shiga saitin rezo ka sanar da shi cewa layinka na awo ne. Wasu manhajojin za su ji, wasu za su yi kunnen uwar shegu.

Ta uku. Arch. Judd Vinet ya fara shi a 2002, kuma tun daga nan masu amfani da shi ba su yi shiru ba. Ka ce wa ɗayansu "ina kwana", ya ce "lahiya lau, Arch nake amfani da shi, ya iyali?" Abu ne mai kyau, ban musa ba, littafinsa na intanet ma duk muna sata daga ciki. Amma Arch ba ya son a yi tafiya a bar shi. Ka je Kelle biki, ko aiki ya kai ka Taskar ka yi ƴan makonni, ka dawo ka buga pacman -Syu, ya jero maka lissafin da ya fi kuɗin motar da ka biya, sannan ya ce bai yarda da sa hannun masu fakitin ba sai ka sabunta makullai tukuna. Ka ce to bari in sabunta rabi, sauran sai albashi. Haramun ne a mazhabarsu, kuma in ka kai ƙara za a ce kai ka jawo.

Gentoo kuwa, mai son harhaɗa burauza daga tushe a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, a kan kwamfuta okaziyo wadda fankarta ta sha rairayin Muniyo har tana tari, ba shawara yake buƙata ba. Dangi ya kamata su zauna da shi.

Ta huɗu ta shafi systemd. A'a. A 2014 wannan gardama ta raba gidan Debian har aka haifi Devuan, kuma waɗanda suka fara ta har yau ba su gaji ba. Mu wuce.

Fedora tana fitowa duk wata shida, kowace fitowa tana rayuwa kimanin wata 13, wato ka ɗauki alkawarin babbar saukewa aƙalla sau ɗaya a shekara har abada. Mai neman kwanciyar hankali a dangin Fedora ya tuna CentOS 8, da aka ce zai kai 2029, sai a Disamba 2020 aka sanar cewa ƙarshen 2021 ne ajalinsa.

Saura Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993. Shi raƙumi ne: ba sauri, ba kwalliya, manhajojinsa sun kwana biyu, amma in ya sha sau ɗaya sai ya yi shekara biyu yana tafiya da gyaran tsaro ƙanana. Bookworm ya fito a Yuni 2023, Trixie a Agusta 2025. Yana da faifan DVD da za ka saka manhaja daga ciki ba rezo, yana da apt-offline, kuma in kuna da na'urori da yawa a ofis ɗaya, apt-cacher-ng zai sa mutum ɗaya ya sauke kowa ya ɗiba. Kafin wata ƙuri'a da ƴan Debian suka kaɗa a 2022 akwai abin dariya: ka gama sakawa, wifi ba ya aiki, kuma direban da zai sa ya yi aiki yana intanet. Sun gyara wannan. Sai Trixie ya zo ya sallami na'urori masu bit 32, waɗanda su ne rabin abin da ke cikin kabad ɗin makarantunmu in ka tambaye ni. Su sai antiX.

Ta nawa muke? Bar shi. Ga abin da babu distro ɗin da zai cece ka daga gare shi: ɗan batirin agogo, CR2032, mai faɗin kwabo. A tsohuwar na'ura ya mutu tun kafin ta hau jirgin ruwa. Duk ɗaukewar wuta sai agogo ya koma shekarun baya, burauza ta ce duk shafukan duniya na jabu ne, apt ya ce fayil ɗin da ya sauko bai kai lokacin fara aiki ba tukuna. Mutum ya kwana yana zargin kernel alhali maganin yana wajen mai gyaran agogo a kasuwa.

Ga kuma allon rubutu. Na'urorinmu AZERTY ne, gadon Faransa. Ranar da tsarin ya faɗi ya jefa ka cikin baƙin allo, sai ya manta da haka ya koma QWERTY na Amurka: ka danna a ya ba ka q, ka nemi m ka rasa, kalmar sirrin da ka yi shekaru kana bugawa ta ce ba ta san ka ba. Ka so rubuta Hausa da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ka duba jeri, ka ga Hausar Najeriya, ka ga Hausar Gana, duka biyun a kan QWERTY. Mu da ke tsakanin Damagaram da Difa sai mu zauna mu ƙera namu. Ka ƙera da xmodmap, ya yi daɗi, Wayland ya zo ya ce bai san zancen ba. Wannan ma ba dariya ba ce. Mutane da yawa ne ke rubuta harshen nan a kan AZERTY.

Wata shawara: tun da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ya ƙi tsofaffin na'urori, dangi sun gano cewa kana da amfani. Kawu zai aiko da tasa, da ta maƙwabcinsa. Duk abin da ka saka musu ka sani ka zama likitansa har ƙarshen rayuwa, da firintar da ba ka taɓa gani ba. Saka musu Linux Mint, wanda tun 2020 ya rufe wa snap ƙofa, ko Emmabuntüs da aka yi a Faransa musamman don tsofaffin na'urorin da ake sake ba wa rai. Kada ka saka musu abin da kake so. Ka saka abin da za ka iya gyarawa ta waya kana kan babur.

Game da btrfs da Timeshift da ajiyar kwafi, kun sani, ba kwa yi, ni ma ba zan ɓata bakina ba.

Hanyar zaɓen da ta rage ita ce wadda muke bi tun farko muna ɓoyewa. Ka nemi wanda zai je Damagaram, ɗalibi ko direba ko ɗan ƙanwarka, ka ba shi kile mai Ventoy, ka rubuta masa sunan ISO a takarda da manyan baƙaƙe, ka roƙe shi ya duba sha256 kafin ya hau mota, don fiye da kilomita 150 ne tsakaninku kuma fayil da ya yanke a tsakiya kamarsa ɗaya da lafiyayye. Zai ce to. Ba zai duba ba. In ya dawo maka da Kali saboda ya ga hoton dodon ya burge shi, ka karɓa da hannu biyu ka tambaye shi ya hanya, don ba kai ka biya kuɗin motar ba.